Yadda Ake Haɗa Wayar Android da Kwamfuta Mai Ubuntu Ba Tare da Cin Data Ba

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma Ubuntu, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ce a kan kwamfutata ta tebur. Kullum sai na tura wa kaina takarda ta WhatsApp sannan in sauke ta a kwamfuta, data kuwa sai ƙarewa take yi. Shin akwai hanyar da na'urorin biyu za su riƙa musayar fayil kai tsaye?

Amsa: Malam, akwai hanya, kuma ba ta buƙatar intanet sai lokacin sauke manhaja. Sunanta KDE Connect, manhaja ce ta kyauta wadda Albert Vaca ya fara rubutawa a 2013. Ka sauke ta a wayarka daga Play Store ko F-Droid, wani rumbun manhajojin Android na kyauta, a kwamfuta kuma ka sa GSConnect, manhajar da ke yin aikin KDE Connect a can, domin ita ce ta dace da GNOME, fuskar da Ubuntu ke zuwa da ita. Kada ka haɗa GSConnect da KDE Connect a kwamfuta ɗaya, saboda tashoshi guda suke nema, wato ƙofofin sadarwa masu lamba da bayanai ke bi su shiga ko su fita daga kwamfuta, sai ɗaya ta hana ɗaya aiki.

Sharaɗin da ya fi komai muhimmanci shi ne waya da kwamfuta su kasance a kan Wi-Fi guda. Idan babu rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, a shagon, ka kunna hotspot na wayarka, ka haɗa kwamfutar da shi, sannan ka kashe data, in ba haka ba Ubuntu na iya fara sauke sabuntawa a bayan fage ta cinye abin da ake ƙoƙarin tattalawa. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur ba su da Wi-Fi, amma ƙaramar na'urar da ake sokawa a ramin USB ta wadatar. Da sunan kwamfutar ya bayyana a waya, ka danna neman haɗi, ka amince daga ɗaya ɓangaren, shi ke nan. Daga nan za ka iya tura fayil, ka ga sanarwar saƙonni a allon kwamfuta.

Idan na'urorin suka ƙi ganin juna, ka duba katangar tsaro ta ufw, ka buɗe tashoshi daga 1714 zuwa 1764, na TCP da na UDP, wato nau'o'in sadarwa biyu da tashoshin ke amfani da su. Idan kuwa haɗin yana yankewa da zarar allon waya ya mutu, tsarin tattalin batir ne, wanda yake da tsanani a wayoyin da suka cika kasuwarmu irin su Tecno da Infinix. Ka shiga saitin batir ka cire manhajar daga jerin waɗanda ake rufewa.

Sai dai tura fayil daban, daidaita shi daban. Idan so kake jakar takardunka ta zama iri ɗaya a ko'ina ba tare da ka taɓa komai ba, wata manhaja mai suna Syncthing ce za ta yi aikin. An daina sabunta manhajarta ta asali ta Android a Disamba 2024, don haka Syncthing-Fork, reshenta da wasu suka ci gaba da sabuntawa, za ka nema a waya. A nan ne nake jan kunnen masu shago, domin duk fayil ɗin da aka goge a waya zai ɓace a kwamfuta ma, ko da takardar kwastoma ce da bai karɓa ba tukuna. Kafin ka fara, ka kunna tsarin ajiye tsofaffin kwafi a ɓangaren kwamfuta.