Farfesa ya ce ka zo Jamus wata shida? Toh dakata kafin ka nufi ambasi

Wa alaikumus salam ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana koyarwa a jami'a kana kuma haɗa digiri na uku kan ƙasar noma, wani farfesa a nan Jamus ya amsa maka imel ya ce ka zo lab ɗinsa na wata shida ka auna samfuranka, shine kake tambaya ko ka buga imel ɗin ka tafi ambasi dashi, kuma wai wani ya baka shawara ka nemi bizar Shengen tunda ta fi saurin fitowa in ka iso sai a ƙara maka kwanaki. Na taya ka murna sosai, don samun farfesan da zai amsa imel ma ba ƙaramin abu bane, amma shawarar nan ta biyu dan Allah ka watsar da ita tun yanzu.

Bari in fara da imel ɗin. Ni a dipatmen ɗin da nake aiki muna karɓar baƙi masu bincike kusan kowane zango, kuma abin da na lura dashi shine yawancin farfesoshin nan basu san komai ba kan biza, ba don mugunta ba, su dai a rayuwarsu basu taɓa bin layin ambasi ba, baƙon da ya zo musu daga Faransa ko Italiya da katin shaidarsa kawai yake shigowa jirgin ƙasa ya sauka ya fara aiki. In ya rubuta maka cewa yana maraba da kai, wallahi da gaske yake har zuciyarsa, amma fa wannan niyya ce kawai. Jami'a ce take karɓar baƙo, farfesa nema maka yake yi. Shi zai tura maganarka wajen sakatariyar dipatmen, ita kuma ta haɗa ka da ofishin da ke kula da baƙi masu bincike, kusan duk wata babbar jami'a tana dashi suna ce masa Welcome Centre, su ne zasu ce ka turo fasfo da satifiket ɗin digiri na biyu da takardar inda kuɗinka zai fito, sannan hukumar jami'a ta sa hannu. Da ɗan gari akan ci gari, sakatariyar nan ita ce ɗan garinka. Ka nemi farfesa ya sa ta a cikin imel ɗinku, ka riƙa amsa mata a ranar da ta rubuto, kuma in ta ce takarda kaza a siffa kaza ka bata yadda ta ce, kar ka ɗauki hoton satifiket a kan gado da waya ka tura.

Sai biza. Iri biyu ce ta shafe ka. Ta Shengen kwana 90 ce cikin kwana 180, kuɗinta Yuro 90, ta mai zuwa taro ce ko ziyarar 'yan makonni, kuma ba a juya ta ta koma izinin zama bayan ka shigo, ƙarin kwana ma sai da babban dalili irin rashin lafiyar da ta hana ka tashi. Wata shida ya ninka kwana 90, kaga in ka zo da ita kana tsakiyar aiki, na'ura ta fara baka sakamako kenan, za a ce ka haɗa kaya, kuma sai ka yi wasu kwana 90 a waje kafin ka iya dawowa. Na ga wanda haka ta faru dashi, ya bar rabin samfuransa a firij wata ɗaliba ce ta ƙarasa masa. Wadda kake buƙata ita ce doguwar biza ta ƙasar Jamus ɗin kanta, mai harafin D, Yuro 75, kaga ma ta fi arha, kuma in kuɗin gwamnatin Jamus ne ke ɗaukar nauyinka kamar DAAD, hukumar ba da sikolashif ta Jamus, ko gidauniyar Humboldt ba zaka biya ko sisi ba. Da ita ɗin ma kana iya leƙawa sauran ƙasashen Shengen na ɗan lokaci, misali a ce an yi taro a Beljiyam ko Holan.

A cikin doguwar ma akwai ƙofofi. Ta masu bincike tana sashe na 18d na dokar zaman baƙi, ita ce take buƙatar yarjejeniyar karɓar baƙo tsakaninka da jami'a, da Jamusanci Aufnahmevereinbarung, ka haddace sunan nan duk tsawonsa don shi zaka ambata wa sakatariya ta gane kai ka san abin da kake nema. A cikinta ake rubuta aikin da zaka yi da ranar farawa da ta gamawa da inda kuɗi zai fito. Akwai kuma ta ɗalibai a sashe na 16b, in jami'ar zata yi maka rajista a matsayin ɗalibi. Ku masu digiri na uku kuna tsakiya ne, wani lokacin ta nan ake bi daku wani lokacin ta can, toh kar ka zaɓa da kanka, ka tambayi Welcome Centre wacce suke so ka cike su rubuta maka. Abin da ke kashe mutane shine wasiƙar gayyata ta ce ɗalibi, fom ya ce mai bincike, takardar jami'arku ta gida kuma ta ce hutu ka ɗauka, kwanakin ma kowacce da nata. Mai duba takardu a ambasi bashi da lokacin sasanta su. Ka zauna ka jera su a tebur ka tabbata suna ɗaya, kwanan wata ɗaya, har yadda aka rubuta sunanka ya zama daidai da na fasfo, ba Muhammad a nan Mohammed a can ba.

Baka faɗa min wa zai biya ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Gayyata a nan bata nufin albashi, sau da yawa abin da farfesa zai baka tebur ne da makullin lab da kayan aiki, ci da kwana naka ne. Alherin Jamus dai shine ba kasafai ake cajin baƙo kuɗin benci, wato kuɗin amfani da lab, ba yadda jami'o'in Ingila da dama suke yi, amma ka tambaya a rubuce wa zai sayi sinadarai, wa zai biya awannin na'ura, don wasu na'urorin ko 'yan gida sai an cire daga asusun bincikensu. Ambasi kuma so take ta ga kuɗin da zai riƙe ka wata wata. Ma'aunin ɗalibai tun Satumba 2024 Yuro 992 ne a wata, wato 11,904 a shekara, wanda ake zubawa a rufaffen asusu ana sakar maka kaɗan kaɗan, in ta ƙofar masu bincike ne ka tambaya nawa ofishin baƙi na garin, wato hukumar da ke ba da izinin zama, yake so ya gani. In hukuma ce ko jami'arku zata ɗauki nauyi, takardar ta faɗi adadi da tsawon lokaci ɓaro ɓaro, irin wasiƙar nan ta za mu tallafa masa iya iko bata aiki. Kuma gaskiya 992 a gari irin Munich ko Frankfurt haya kaɗai zata lashe fiye da rabi, a Bayreuth ko Halle da sauƙi. In babu mai biya tukuna, ka duba tallafin bincike na DAAD, wasiƙar farfesan nan ita ce rabin abin da suke nema, sai dai ana rufe karɓa watanni da yawa kafin tafiya, kaga sai ku ɗaga ranar zuwa. Na Georg Forster na gidauniyar Humboldt kuma sai ka gama digirin.

Lokaci. Kar ku sa ranar farawa wata biyu daga yau. Takardar jami'a kanta tana cin makonni, a watan Agusta rabin mutanen ofis suna hutu, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa gini ma a kulle yake, sannan ga jiran ranar ganawa a ambasi wanda shi ne babu mai iya ce maka ga ranar. Ka yi rajistar neman rana da wuri, ka karanta jerin takardun da ke shafin ofishin jakadancin da kanka ba a bakin ejan ba. Ka kuma sani tun 1 ga Yuli 2025 Jamus ta soke tsarin nan na rubuta ƙorafi a sake duba takardunka in an hana ka, yanzu sai dai ka sake nema daga farko ko ka kai ƙara kotu a Berlin, shi yasa gara a yi shi daidai tun karon farko.

Inshora kuma mutanenmu suna raina ta. Ta tafiya mai rufe kuɗin asibiti har Yuro 30,000 da ake yi wa Shengen ba ita ake nufi ba a dogon zama, ana son ta lafiya ta gaske. Tunda ba ɗaukarka aiki jami'a tayi ba, yawanci ta kamfani mai zaman kansa zaka yi, masu sikolashif ɗin DAAD su an haɗa musu. Ka ƙara da wadda ake ce wa Haftpflicht, ta in ka yi wa wani ɓarna, 'yan Yuro ne a wata, labs da yawa ba zasu baka makulli ba sai sun gan ta, kuma ka tambaya ko ta rufe ɓarnar cikin lab da ɓatan makulli don ba kowacce ba.

Gida ya fi biza wuya a wasu garuruwan, ba wasa nake ba. Zangon hunturu 1 ga Oktoba yake farawa, lokacin ɗalibai dubbai ke neman ɗaki, in da hali ka zo a Afrilu ko ma Mayu ka huta da cunkoso da duhun ƙarfe huɗu na yamma. Yau ɗin nan ka roƙi sakatariya ta sa sunanka a layin gidan baƙi na jami'a. In a waje zaka kama, kar ka tura wa kowa kuɗi don ya nuna maka hotuna ya ce yana ƙasar waje zai aiko da makulli, damfara ce tsohuwa. Kuɗin ajiya a doka baya wuce hayar wata uku ba tare da kuɗin ɗumama da ruwa ba, kuma kana da damar biya kashi uku. Babbar tambayar da zaka yi wa mai gida ita ce zai baka takardar shaidar cewa ka tare? Don cikin sati biyu da tarewa dole ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshi, Anmeldung, kuma ba a yi sai da takardar nan, in babu rajista kuwa banki da ofishin baƙi duk zasu tsaya maka. Bayan rajistar wata wasiƙa zata zo ta kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata kowane gida ko baka da talabijin, kar ka jefar da ita. Ka duba ranar ƙarewar bizarka ma, wani lokacin suna bayar da wadda ta rufe zaman duka, in bata kai ba ka shigar da neman izinin zama a ofishin baƙi kafin ta ƙare ko da basu baka ranar ganawa ba, ka ajiye shaidar ka tura.

Ka ambaci madam. A ƙofar 18d tana iya biyo ka ba tare da jarabawar Jamusanci ba, har aiki tana iya yi, sai dai kuɗin da zaka nuna da girman ɗaki zasu ƙaru, tantance takardar aure kuma yana iya cinye watanni, doka kuma mace ɗaya ta sani. A wata shida ni dai ban ga ribar wahalar ba, amma kai ka san gidanka.

Yanzu abin da ya fi damuna a saƙonka, samfuran. Ka ce zaka zo dasu a jaka. A'a. Shigo da ƙasa daga wajen Tarayyar Turai haramun ne a dokar kare tsirrai, saboda ƙwari da cututtukan da ke ɓoye a ciki, sai dai don bincike kuma da izini na musamman wanda lab ɗin ne zai nema daga hukumar kare tsirrai ta jiharsu, a baka takardar ta raka kayan, kuma sai lab ɗin yana da wurin killace su da hanyar ƙona su in an gama. In kwastan suka kama leda cike da ƙasa babu takarda zasu karɓe, aikin shekara biyu ya tafi a filin jirgi. In kuma zaka taɓa ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar ne, maganar yarjejeniyar Nagoya kan ɗaukar ƙwayoyin halitta daga wata ƙasa zuwa wata ta shigo, wadda ta fara aiki a 2014, jami'a zata so ganin izinin ƙasar da aka ɗebo su. Farfesanka tunda fanninsa ne wataƙila ya saba, amma kai zaka tuna masa, don izinin nan ma yana ɗaukar lokaci kuma gara a fara shi tare da na biza.

Ku kuma yi maganar sunaye a kan muƙala tun kafin ka taso, wa zai zo farko, sufabaizanka na gida yana ciki ko baya ciki, bayanan da aka samu na waye in ka koma. Mu kunya take hana mu, su kuwa a wajensu tambaya ce ta yau da kullum, zai ma fi ganin girmanka. Wata shida kuma ba yawa gare shi ba, satin farko da na biyu a rajista da horon kiyaye haɗari a lab zasu tafi kafin a bari ka taɓa komai, toh ka zo da tsarin aiki a rubuce wanda ya riga ya gani ya yarda.

Ka rubuta masa a daren nan, gajere, ka gode masa ka ce kana buƙatar doguwar biza don haka a haɗa ka da Welcome Centre, ka tambayi gidan baƙi da izinin shigo da samfuran, ka bashi watan da kake ganin zai yiwu. In sun turo maka daftarin yarjejeniyar ka rufe lambar fasfo ka turo min in duba maka kwanakin. A gaida madam.