Fastocinmu ba su yi nisa a boko ba, ta ina za mu fara koya musu Littafi Mai Tsarki?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni dattijon ikilisiya ne, muna da masu wa'azi shida da ke riƙe da ƙananan majami'u, yawancinsu ko firamare ba su gama ba, biyu daga ciki ma karatu sai da ƙyar. Suna da himma sosai amma wani lokacin in ka ji wa'azin sai jikinka ya yi sanyi, kuma ba mu da halin tura su makarantar tauhidi. Don Allah ta ina za mu fara?

Amsa: To Baba sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Da farko kada rashin bokon nan ya karya maka gwiwa, ai a Ayyukan Manzanni 4:13 su Bitrus da Yohanna ma kallon marasa ilimi aka yi musu a gaban majalisa, sai dai an gane sun zauna tare da Yesu. Wato sun samu horo, shekaru suna bin Malaminsu suna gani suna tambaya, kuma irin wannan horon ne mutanenka ke bukata.

Kuskuren da na fi gani shine a ɗauko darussan seminari a matse su cikin sati ɗaya, yau tarihin ikilisiya gobe Helenanci, mutum ya koma gida da takardar shaida da littafin rubutu cike da kalmomin da bai gane ba, ran Lahadi kuma ya hau bagade ya yi wa'azinsa yadda ya saba. Ni dai a ganina abu ɗaya za ka sa a gaba, su iya ɗaukar nassi su gane abinda yake faɗi a inda yake kafin su ɗora masa nasu.

Ga misali, ka ba su Filibiyawa 4:13, ayar nan da kowa ya haddace kan iya yin komai ta wurin Almasihu. Ka tambaye su ma'anarta, za ka ji an ce nasara, arziki, buɗi. Sai ka ce a koma baya a karanta aya ta 11 da ta 12 da ƙarfi, sau biyu ko uku, nan za su ji Bulus yana maganar ƙoshi da yunwa, samu da rashi, kuma daga kurkuku yake rubutun. Na sha ganin yadda ɗaki ke yin tsit a daidai wurin nan, wani ya sa yatsa a kan layin yana sake bi a hankali yana girgiza kai. Ga faston da shi kansa talauci ke damunsa, jama'arsa ma haka, wannan ayar ta fi yi masa amfani a ma'anarta ta gaskiya. Daga nan sai ya saba da tambayoyin nan: wa ke magana, da wa yake, me ya zo kafin ayar da bayanta, sannan me za mu yi da ita yau.

Kada ka raba su da garkensu. A 1963 wata makarantar tauhidi ta Firesbiteriya a ƙasar Guatemala ta lura cewa ainihin masu jagorancin majami'un karkara manya ne masu iyali da sana'a, ba za su iya barin gida na shekaru ba, sai ta kai musu karatun inda suke, daga nan tsarin da ake kira TEE, wato koyon tauhidi ba tare da mutum ya bar gida ba, ya yaɗu a duniya. Mutum ya yi nazari a gida, a haɗu lokaci-lokaci a tattauna, ya koma ya gwada a majami'arsa. Kai ma haka za ka yi, ko sau biyu a wata ne in dai ba fashi.

Ku fara da Markus, sura 16 ce kawai kuma labari ne mai saurin shiga kai, sannan a bi babban labarin littattafai 66 ɗin daga Farawa zuwa Ru'ya ta Yohanna don su san inda Ibrahim da Musa da Dawuda suka faɗo. Bayan haka 1 Timoti 3 da Titus 1, inda za ka ga kusan duk sharuɗɗan shugaban ikilisiya na hali ne, riƙon gida, kamun kai, rashin kwaɗayin kuɗi, sai kuma iya koyarwa. Duk a yi shi da harshen da suke tunani da shi.

Su biyun da karatu ke ba wahala kuwa, a saka musu Littafi Mai Tsarki na sauti a waya ko katin memori su riƙa saurara suna maimaitawa, galibi irinsu sun fi masu biro riƙe labari a ka, kuma kada a tilasta musu karatu a gaban 'yan'uwansu har sai sun nemi yi da kansu. A kowace haɗuwa mutum ɗaya ya tashi ya yi wa'azin minti goma kan nassin da aka yi, sauran su fara faɗin abinda ya yi daidai kafin gyara, kai ma Baba ka riƙa shiga layi ana gyara naka.