Ɗan yayata ke yi mana oda daga Chana, ni kuwa ban san farashin can ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma na haɗa gwiwa da ɗan yayata. Jari nawa ne, 'yan sari ma nawa ne, daga Maraɗi da Damagaram har Garwa. Shi ya yi boko, don haka shi ke magana da masaƙa a Chana ta manhajar hira ta WeChat, shi ke tura kuɗi, shi ke bin kwantena har ta fito daga Legas. Riba kashi uku muke yi, biyu nawa, ɗaya nasa. Yanzu kaya na fita amma kuɗi ba sa taruwa. In na tambaya sai ya ce dala ce, kwastan ne. Ban ce ya ci ni ba, amma hankalina bai kwanta ba. In raba gari da shi?
Wani ɗan kasuwa, Fagge

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka raba gari tukuna.

Maganar dala ba ƙarya yaron ya yi ba. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, dalar da take wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da farashin canji ake lissafa kuɗin kwastan. Duk wanda ya ba da kaya bashi a tsohon farashi, aka biya shi bayan watanni, riba zai gani a littafi, amma kuɗin ba za su sake cika masa kwantena ba.

Sai dai wasiƙarka ta faɗi abin da ba ka sani ba a ɓangarensa, ta yi shiru a kan abin da shi bai sani ba a naka. Ya san nawa kake bin mutumin Maraɗi? Ya san bashin da ya maƙale lokacin da aka rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024? Na san irin littafinku na 'yan Kwari: ɗan ƙarami, yana aljihun gaba, an rubuta "mai jar hula, dila biyu", babu mai iya karanta shi sai mai shi. Kai kana murza yadi tsakanin yatsu ka gane auduga ce ko roba ta yi yawa, ka jiƙa gefe ka ga ko zai zuba. Shi hoto yake gani a waya. In ba ka zaunar da shi ka gaya masa kalar da matan Damagaram suka daina yayi ba, zai sake cika muku sito da kwantai, kuma a nan kuɗin haɗaka suka fi nutsewa, fiye da a hannun ɓarawo.

Bambancin sani ai shi ya haɗa ku tun farko. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa sun san farashin gyaɗa a Ingila, amma ba su san ƙauyuka ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya goge a fataucin goro zuwa Gwanja, shi ke da jama'a da wakilai, kuma kowa ya ci moriyar ɗan'uwansa. Matsala tana farawa ne ranar da kowane ɗaya ya mai da abin da ya sani garkuwa, don kada a iya yi ba da shi ba. Ina zargin ku biyun kun fara haka.

Kai ne babba, kai za ka fara buɗe naka littafin. Sannan ka nemi nasa: takardar farashi daga masaƙa, rasit ɗin ɗan canji na Wapa da kwanan wata, kuɗin jirgin ruwa, takardar kwastan, kuɗin mota zuwa Kano. A tara su, a raba da yawan dilolin da ke cikin kwantenar. Wannan lissafi ba ya bukatar Turanci. Daga nan ka tambayi maƙwabta biyu a layinku masu zuwa birnin Gwanzu na Chana da kansu, nawa irin wannan yadin yake sauka musu. In tazarar kaɗan ce, to dala ce da bashi. In babba ce, ko dai yaron ya dogara da ɗan tsakiya guda da ke yankarsa bai sani ba, ko kuma akwai magana.

A saka ka cikin zauren da yake hira da masaƙar, ko da "sannu" kawai za ka iya turawa, su san akwai maigida. Kai ma ka riƙa haɗa shi da manyan 'yan sarinka, su san fuskarsa da lambarsa. Yau in ɗayanku ya kwanta ciwo, rabin kasuwar ya tsaya.

Yarjejeniyar kuma a rubuta ta gaban shaidu, a kai wa malamin da ya san babin ciniki ya duba, musamman wa zai ɗauki faɗuwa in ta zo. Yayarka kada ta ji komai sai an gama lissafin kwantena ɗaya.