Ɗan'uwa kar ka kashe salula, ni ma karte ta taɓa ƙona ni

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwan da ya yi tambaya cewa wata ya mutu bai zuba kuɗɗin karte ba, wato katin banki, banki sun dame shi da kira da mesaji, yana son sanin ko za su iya sa a kulle shi ko su kwashe mishi kaya, ko kuma ya kashe salula har Allah ya kawo buɗi. Wallahi ina karantawa sai da na aje kofin shayi, don kamar labarina ka ɗauko ka rubuta.

Ni nawa ya same ni a 2023. Kowa nan ya san abin da ya faru, anka yi juyin mulki nan Nijar 26 ga Yuli, kwana huɗu tsakani ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Sedeyawo, ta sa takunkumi, boda ta ruhe. Ina da kaya na kayan babur da na biya a Kano, suna cikin kamyo sun maƙale wajen Jibiya, nan da Ɗan Isa ne fa amma kamar suna bangon duniya. Kartena irin wadda kake kashewa sai ƙarshen wata su cire ce, sun ba ni plafo, wato iyakar abin da zan iya kashewa, na jikka 500, watan nan na ci jikka 380 kuma cikin kont ɗina babu ko jikka 60. Shekara shida ina hulɗa da bankin nan ban taɓa latti ko na kwana ɗaya ba, lokacin da suke son in karɓi karten har shago jestiyoner ɗin, mai kula da kont ɗina a banki, ya iske ni yana Alhaji Alhaji, alhali ko Makka ban je ba.

To kuskuren da na yi shi ne wanda kake shirin yi. Kunya ta kama ni na daina ɗaukar kira, ina cewa gobe boda za ta buɗe in saida kaya in biya su in huta. Goben nan sai da ta kai Fabrairun 2024 kahin a ɗage takunkumin. Su kuwa kwamfutarsu ba ta san boda ba, ba ta san takunkumi ba, ranar da lokaci ya cika ta cire abin da ta iske, saura ya koma dekuber, wato bashi bisa kont ɗin, ajiyo, kuɗɗin ruwa kenan, ya fara hawa kullum, ga penalite na latti, ga kuɗɗin wasiƙar da sunka aiko min, wai ni zan biya kuɗɗin takardar da anka rubuto a tsorata ni da ita, har da taks bisa kai.

Amma duk wannan ba shi ne ya ƙona min rai ba. Cikin watan Oktoba tsohuwata ta kwanta asibiti, ƙanena da ke Kwatano ya yi ta fama ya haɗa jikka 150 ya turo cikin kont ɗina saboda magani. Mesaji ya shigo da la'asar, na ɗauki odinans, takardar maganin da likita ya rubuta, na hau kabu-kabu na nuhi gishe, wurin injin cire kuɗɗi, ga layi har bakin titi don lokacin kuɗɗi sun yi wuya a bankuna, ana ƙayyade ma mutane abin da za su cira. Na yi wajen awa biyu cikin rana, na sa karte, inji ya ce babu. Na sake sawa ya haɗiye ta gaba ɗaya. Mai gadi ya ce in dawo da sahe. Washegari na shiga buron mutumen nan, wanda ke ce min Alhaji, ko kujera bai nuna min ba, idonshi na kan kwamfuta ya ce min da Faransanci wai kuɗɗin sun tahi cikin bashi, sistem ne ya ɗauka ba shi ba. Na ce mishi Malam kuɗɗin maganin uwata ne, ga odinans ka gani, ko jikka 40 ku bar min. Sai ya ɗago ya ce da ƙarhi, ƙofa buɗe, mutane zaune bisa banci suna ji, ciki har da wani maƙwabcin shagona: “Ai da kuna cin kuɗɗin ba ku tuna da uwayenku ba.” Wallahi tallahi har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗaure. Odinans ɗin a hannuna ta jiƙe da zuhwa har rubutun likita ya fara narkewa. Ban ce komi ba na hito. Matata ce ta kai 'yan kunnenta na aure kasuwa ran nan. Na yahe ma mutane da yawa a rayuwata amma shi wannan, to, Allah ya isa dai.

Kai dai in wani zai aiko maka kuɗɗin asibiti ko na abinci yanzu kar ya saka cikin kont ɗin nan, ya turo ta Nita ko Amana ka karɓa a hannu. Ba cewa na yi ka gudu da bashi ba, bashi hanji ne yana cikin kowa kuma sai an biya, amma duk abin da ya shiga kont ɗin da ake binka sun riga ka.

Maganar kullewa kuma kwantar da hankalinka, rashin biyan bashin banki ba laihin kaso ba ne, kuma ba su da ikon su zo haka kawai su yashe maka shago, sai sun bi ta kotu sun samu takarda sannan wisiye, mai zartar da takardar kotu, ya zo. Sai dai ranar da wisiye ya kawo maka takarda kar ka jefa ta ƙarƙashin katifa, akwai 'yan kwanakin da doka ta ba ka ka ƙalubalanta, in sun wuce shikenan. Kuma don Allah kar ka yarda ka sa hannu a shek alhali ka san babu kuɗɗi ciki wai don su bar ka ka sha iska, wannan shi ke juya magana ta koma wata iri.

Abin da ya cece ni wani dattijo ne mai ritaya da muke sallah masallaci ɗaya nan unguwarmu ta Zariya, ya yi aikin banki da. Shi ya ce in bar jestiyoner in rubuta ma shugaban reshe takarda, in nemi a tsaida bashin wuri ɗaya a raba min shi wata-wata, in yi kofi biyu a buga min tampo bisa tawa. Don jestiyoner ɗin ya taɓa ce min da baki zai cire penalite, da na koma ya rantse bai faɗa ba. Dattijon ya kuma ce in nemi releve, takardar shige da ficen kuɗɗin kont ɗina, tun daga ranar da abin ya fara in bi layi layi, da munka bi sai ga wani firai, kuɗɗin aikin da banki ke cira, an cire shi sau biyu, sun maido. Shi ya gaya min lokacin doka ta hana banki wuce 15 cikin ɗari na ruwa a shekara, ƙananan asusun bashi kuma, wato mikrofinans, 24 cikin ɗari, shi ya sa masu ce maka ka je mikrofinans ka ciwo ka toshe wannan ramin ban goyi bayansu ba, ramin can ya hi zurhi. Gara adashe, ko ka saida wani abu da hannunka da daraja kahin a saida maka shi a wulaƙance. Ni babur ɗina na saida.

Ka yi sauri, don in abin ya daɗe suna maida dosiyenka wajen masu karɓar bashi kuma waɗancan ba su san ka ba. Sunanka ma yana shiga BIC, wurin da bankunan ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma ke duba tarihin bashin mutum, ni bayan na gama biya na je wani banki daban neman ɗan kiredi na kaya, yarinyar ta danna kwamfuta kawai na ga huskarta ta sake. In ka gama biya ka karɓi takardar shaida cewa ba su binka ko dala, tawa tana cikin leda tare da takardar gida.

Malaminmu ya sha yi mana wa'azin riba ina jin kamar da wasu yake, wannan kuma kowa ya je ya tambayi nashi malamin. Wata goma sha ɗaya na yi ina biya. Da na gama sun kira ni wai sabuwar karte ta hito in zo in ɗauka, tana can wajensu har yau. Tsohuwa kuma ta samu sauƙi alhamdulillahi, 'yan kunnen ne dai ban maida ba tukun.

Ka faɗa mana, mesaji ne kawai suke turo maka ko takarda ta riga ta iso hannunka, kuma albashinka ta nan bankin yake biyowa?