Amsa ga ɗan koyo game da ɗan ƙaramin karen da aka bar mana

Ɗana, ka tambaye ni ko ɗan karen da wata mata daga unguwar East Legon ta Accra ta bar mana kafin ta yi tafiya za a riƙa yi masa abin da muke yi wa manyan karnukan gadi, a rage yawan abinci da magani kawai, kuma ka ce ba ka gane abin da yake sa shi karkarwa ba alhali zafin Accra bai ƙyale kowa ba. Na ga ya fi kyau in rubuta maka amsar, domin ka samu abin dubawa ranar da ba na nan.

Irin wannan kare ana kiransa Chihuahua, sunan wata jiha ce a arewacin Meksiko. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta fara yi masa rajista a 1904, kuma ƙa'idarta ita ce kada nauyinsa ya wuce laba 6, wato kilo 2.7. Akwai mai gajeren gashi, akwai mai dogo, kuma idan ya samu kulawa yakan yi shekara 14 zuwa 16. Boerboel, babban karen gadin nan da kake wanka, yakan haura kilo 60, saboda haka kuskuren da zai sha ya tashi lafiya, shi ne zai kashe wannan kafin gari ya waye. Duk abin da zan faɗa maka daga nan ya samo asali.

Karkarwa tana da dalilai uku da nake so ka iya rarrabewa. Ƙaramin jiki yana saurin zubar da ɗuminsa, shi ya sa ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko daren hunturu, ko wankan da ba a goge shi sosai ba, duk suna sa shi rawar jiki, kuma tawul busasshe da ɗan bargo sun isa maganin wannan. Tsoro da zumuɗi ma suna sa shi, musamman a baƙon wuri irin namu inda manyan karnuka suke haushi. Dalili na uku shi ne nake tsoro, wato faɗuwar sukarin jini. Hantar ɗan kwikwiyo irin wannan ba ta iya ajiye sukari mai yawa, jikinsa kuma yana ƙona abinci da sauri, don haka idan ya tsallake ci sau ɗaya ko biyu sai ka ga ya yi laushi, yana tangaɗi, idonsa ya yi rauni, daga nan sai farfaɗiya. Idan ka ga haka, ka lakato zuma da yatsa ka shafa masa a dasashi, ka lulluɓe shi, ka kira ni, sannan ka kama hanyar likitan dabbobi ko da ya farfaɗo. Kada ka ɗura masa ruwa a baki alhali bai cikin hayyacinsa, domin ruwan zai iya shiga huhu. Kwikwiyo yana cin abinci sau huɗu a rana har ya kai wata shida, babba kuma sau biyu ko uku. Babba mai kilo 2 abin da yake bukata na busasshen abincin karnuka bai wuce kimanin giram 50 a rana ba, kuma a ma'auni za ka auna shi. Ragowar wake da shinkafa da shito da miya ba nasa ba ne, saboda albasa tana lalata jinin kare, haka nan cakulan da inabi guba ne gare shi.

Batun magani kuwa, a nan ne tambayarka ta fi bukatar gyara. Maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma ana bayar da su bisa nauyi, kuma ba a ƙiyasta nauyin wannan kare da ido, sai an ɗora shi a kan ƙaramin ma'aunin ɗakin girki. Ruwan maganin kaska mai ɗauke da amitraz, wanda muke yi wa manya wanka da shi, ba a taɓa Chihuahua da shi ko kaɗan, komai yawan ruwan da ka sirka. Farasitamol da ibuprofen na mutane ma kada su kusance shi. Allurar rigakafi ita ce ba a ragewa don ƙanƙantar jiki: ana fara ta cututtukan karnuka fabo da distemfa yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, ta haukan kare kuma daga wata uku. Ka duba katinsa yau, idan akwai wadda ta kuɓuce a kai shi asibitin dabbobi na gwamnati da ke unguwar La. Amai da gudawa na rabin yini sun isa su ƙone ruwan jikinsa, don haka ba a yi masa jiran gobe. Kullum da yamma ka bi kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ka nemi kaska, kuma kada ka bar shimfiɗarsa a ƙasa mai danshi, domin a nan ƙudan nan yake zuba ƙwan da ke zama tsutsa a ƙarƙashin fata.

Ƙasusuwan ƙafafunsa na gaba kamar tsinken tsire suke, tsalle ɗaya daga kan teburin wanka ya isa ya karya su. Ka ɗauke shi da hannu biyu, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a ƙugu, kuma hannunka kada ya bar jikinsa muddin yana kan tebur. Da yawa daga cikinsu suna da maɗiga a tsakiyar kai wadda ba ta rufewa har su girma. Wannan kaɗai ba cuta ba ce, amma wuri ne da ba a dannawa. Idan ka ga yana gudu sai ya ɗaga ƙafar baya taku biyu ko uku sannan ya ajiye, ƙoƙon gwiwa ne yake gocewa, sai ka rubuta ka gaya wa likita. Maƙogwaronsa mai taushi ne, shi ya sa ba ma ɗaura masa igiya a wuya, sai ɗamarar ƙirji. Haƙora 42 ne a cushe cikin wannan ɗan baki, haƙoran nono kuma wani lokaci sukan ƙi faɗuwa, saboda haka ka riƙa goge masa su da man goge haƙora na karnuka, ka kuma lura da warin baki.

Halinsa ya fi jikinsa girma. Yana manne wa mutum ɗaya, yana da haushi, kuma ba ya jin tsoron tarar karen da ya ninka shi sau ashirin, don haka kada ka taɓa sakin su a fili ɗaya. A ganina yawancin cizon da ake kuka da shi laifin masu shi ne, waɗanda suke saɓa shi a kafaɗa yini guda ba su koya masa komai ba. Ka bar shi ya taka ƙasa da safe ko da yamma idan kwalta ta huce, ka koya masa zuwa idan an kira shi, kuma yaran unguwa da suke leƙowa su gan shi su zauna a ƙasa kafin a miƙa musu shi. Ƙa'idar tsarki ta gidan nan kuwa ka san ta, kayan aiki daban, kayan salla daban, kuma ƙanƙantarsa ba ta canja wannan ba.

Za ka haɗu da masu saye da suke neman wanda ya fi kowane ƙanƙanta, irin wanda ake ɗaukar hotonsa cikin kofin shayi ana tallarsa a intanet da tsada. Babu wani iri na daban mai wannan siffa, ƙananan cikin ƙananan ne ake haɗawa, kuma su ne suka fi fama da faɗuwar sukari da taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Macen Chihuahua tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, kan 'ya'yan kuma babba ne a kan ƙugunta, shi ya sa da yawa sai an yi musu tiyata. Idan wani ya zo da macen da ba ta kai kilo 2 ba yana so a haɗa ta, ka ce masa ba ma yin wannan a nan, idan ya matsa ka turo shi wurina.