Tambayi Kafin Ka Saya: Allurar ƙara jini da rigimar kamfanoni

Wata baiwar Allah daga Birni ta rubuto: "Mahaifinmu na wankin ƙoda, likita ya rubuta masa allurar EPO. Wani ya kawo mana mai araha daga ƙetaren iyaka, kuma na ji an yi shari'a kan maganin. Mai arahar ta sata ce?"

Ƴata, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki. Kwantar da hankalinki, shari'ar ba ta shafe ku ba. EPO sinadari ne da ƙoda ke fitarwa, shi ke umartar ɓargo ya yi jini. In ƙoda ta gaza sai jini ya yi ƙasa. Kamfanin Amgen na Amurka ya dasa ƙwayar halittar sinadarin cikin ƙwayoyin jikin wata ƴar dabba dangin ɓera, suna haɗa shi, aka amince da maganin a 1989. Sai wani kamfani, TKT, ya bi ta wata hanya: ya tada ƙwayar halittar da ke barci cikin ƙwayoyin jikin mutum, su yi aikin da kansu. Amgen ya ce an shiga gonarsa. A Amurka ya yi nasara, a Ingila kuwa kotun ƙoli ta wancan lokaci ta ba TKT gaskiya a 2004. Takardar mallakar ƙirƙira shekara 20 take yi, ta Amgen ta ƙare, tun 2007 Turai ta amince wa wasu kamfanoni su sayar da irinsa. Don haka araha kaɗai ba ta nuna jabu.

Abin da ke tsorata ni shi ne hanyar da ta biyo. Wannan allura tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da ita, ba a girgiza ta. To ki faɗa mini, daga iyaka zuwa Damagaram, cikin jaka, bayan kabu-kabu, a watan Afrilu, wane sanyi ta gani? Ruwan zai kasance garau a ido alhali ƙarfinsa ya tafi. Mu dai mun saba: magani a tire, rana na dukansa tun hantsi, mai talla shi ne likita shi ne farmasi, mu kuma muna murnar an rage mana dala ashirin. Mutum zai juya buhun hatsi sau uku a kasuwar Dole kafin ya biya, amma abin da za a tsira wa mahaifinsa a jiki bai tambayi inda ya kwana ba! Ki sayi taku a farmasi da takardar likita, ki ga an ciro ta daga firji, ki tafi da kula mai ƙanƙara, kwalin kada ya taɓa ƙanƙarar. In wuta na yawan ɗaukewa a unguwarku, kada ki tara da yawa. Allurar tana iya tada hawan jini, a riƙa aunawa, kuma kada kowa ya ƙara adadin da likita ya yanka.

Wata amarya daga Sabon Gari: "Na ga man shafawa na jaka 15, an ce yana da sinadarin sabunta fata mai suna EGF, har da lambar mallaka a kwalin. In saya?"

A'a. Lambar tana cewa wani ya riga kowa yin rajistar dabararsa, ba ta ce man yana aiki ba. Mu nan hukumar OAPI da ke Yawunde ke ba da irin takardar, kuma ba ita ke gwada magani a jikin mutane ba. Sinadarin gaskiya ne, Stanley Cohen ya samu kyautar Nobel a 1986 saboda gano shi, amma ƙwayarsa babba ce, da ƙyar take ratsa lafiyayyar fata. Sayi man kaɗe, ki riƙe canjinki.

Wani saurayi daga Mirriya yana son sayar da babur ɗinsa ya shiga harkar sayar da wani garin magani da ake cewa yana tada ƙwayoyin jiki, yana maganin suga, ƙoda da rashin haihuwa.

Haba ƙanena! Garin da ke maganin komai, me ya hana asibitoci rufewa? Kuma in ribar sai ka kawo mutum uku ƙarƙashinka, to ba gari ake sayarwa ba. Riƙe babur ɗinka. Mai ciwon suga da ya ajiye maganinsa saboda tallarka, alhakinsa na wuyanka.