Ƙanwata, ki ci naki tun da zafinsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da dare na ga tambayarki, na bari sai da na sami zama, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kina da aure da ƴaƴa uku, maigida na fita kasuwa tun safe sai bayan magariba, ba ki rasa ci ba, ba ki rasa sutura ba, ba faɗa kuke yi ba, amma kwanakin duk sun zama iri ɗaya, ba abin da ke yi miki daɗi. Kin ce kina jin ana cewa a nemi farin ciki a ƙananan abubuwa, ke kuwa kin duba hagu da dama ba ki ga komai ba sai wanki da wanke-wanke.

Na karanta amsoshin ƴan'uwa. Mafi yawa sun ce ki gode wa Allah, wasu sun kawo hadisin nan na wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiyar jiki, da abincin yininsa. Gaskiya ne, ba mai ja. Sai dai ni ban ga inda kika ce ba ki gode ba. Mace na iya yin alhamdu lillahi da zuciya ɗaya, tuwon kuma ya ƙi yi mata daɗi a baki. Ba rashin imani ba ne, ku daina tsorata yarinya.

Ga abin da na lura da shi a gidajenmu na nan Maradi, daga Mokoyo har Zariya: mu mata mu ke haɗa daɗin gida, mu ne kuma muke zuwa gare shi daga ƙarshe, bayan ya huce. Ki dama kunu da asuba, ki zuba wa maigida, yara su sha su tafi lakwal, ki ce bari in share tsakar gida, bari in ɗauraye kwanoni, bari in jiƙa kayan nan. Sai hantsi ki tuna da naki. Ya yi sanyi, ya yi fata a sama, ki kurɓe shi a tsaye idonki na kan bahon wanki. Tukunya ɗaya aka zuba wa kowa, amma abin da suka sha daban, abin da kika sha daban. In aka jera shekaru a haka, dole mutum ya ce ba ya jin daɗin komai. Daɗin yana gidan, ke ce ba kya nan lokacin da ya zo.

Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na gaje ta wurin mahaifiyata. Wadda ta taɓa yi ta san aikin na karya baya. A soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai inji, a dawo a hau juyawa ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya fara tasowa, a matse, sannan a zauna mulmula tunkuza. Kafin a kai ga suya hannu ya gama mutuwa. To akwai wata ka'ida da na tarar a gidanmu, ban kuma yar da ita ba: kwashin farko ba na sayarwa ba ne. Da an tsame shi daga mai, yana ta ƙara a cikin matsami, sai a rage wuta, a jawo kujera ƴar tsugune, a barbaɗa yaji a gefen faifai, duk wadda ta sa hannu a aikin ta zauna. Ki ɗauki guda yana ƙona miki yatsu, ki hura, ki gutsura, cikinsa bai gama tauri ba tukuna, ƙamshin ya cika miki hanci. Mai saye ko ya yi sallama, sai a ce ya shigo ya ɗanɗana, ya ɗan jira. Zaman bai wuce na shan ruwa ba. Amma ranar da aiki ya yi yawa muka tsallake shi, yaran da ke taya ni sukan tashi da fuska a ɗaure, ni ma haka, alhali kuɗin da muka samu bai ragu da ko dala ba.

Saboda haka shawarata ta farko ba ta da wani zurfi. Ki zaɓi abu ɗaya a yini wanda za ki ci ko ki sha a zaune, da zafinsa ko da sanyinsa, yadda aka yi shi don a ci. Kunun safe ne, hurar azahar ce da nono mai kyau, ko awarar dala ashirin da la'asar, ke kika sani. Ki shimfiɗa tabarma, ki aje tsintsiya. Wanke-wanke ba ya gudu, na rantse miki ban taɓa ganin kwanon da ya gaji da jira ya tafi ba.

Abu na biyu, kin ce kwanaki iri ɗaya ne. A cikin ɗaki haka ne. A waje kuwa garin nan ba ya wata biyu da fuska ɗaya, sai dai in mutum ya daina dubawa. Da kaka akwai tumu, a gasa shi a murje a tafin hannu a hure ƙaiƙayi, akwai ɗanyar gyaɗa dafaffa da gishiri, akwai hurar sabon hatsi wadda ƙamshinta ba ya kama da na tsohon da ya shekara a rumbu. In sanyi ya shigo sai fara ta cika kasuwa, ana auna ta da tiya. Da sassafe ake kama ta tun sanyi bai sake ta ba, a dafa, a shanya, a soya da yaji. Lokacin ne kuma kayan lambu ke arha, salati da kabeji da tumatir, ga rake, ga dankali, ga zogalen Jiratawa da za ki kwaɗa da ƙuli har maƙwabta su aiko da kwano. Bazara ta zo da zafinta mai sa mutum ya tsani rigarsa, amma ita ke kawo mangwaro, ita ce kuma ke sa ruwan randa ya fi komai daɗi a duniya. Sannan ruwan farko, da ƙamshin ƙasa, da ranar da za a ce gulbi ya kawo, yara su ruga kallo. Ko wanne cikin waɗannan makonni kaɗan yake yi ya wuce. In kin ce sai kin huta za ki saya, sai ki ji mai talla ta ce ai ya ƙare, sai baɗi in da rai. Ni ranar Litinin ko Juma'a in na shiga babbar kasuwa, kafin in sayi abin da ya kai ni nakan tambayi abin da ya fito sabo, ko na dala goma ne in ƙulla a bakin zane.

Har kokowa ina sawa a lissafi, kada ku yi mini dariya. Mahaifina har ya koma ga Allah bai daina ba mu labarin Kantu ba, wanda ya ɗauko wa Maradi takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ga filin kokowarmu nan da sunansa. In lokacin takobi ya yi, kwanakin nan gidanmu ba a cin abincin rana cikin natsuwa, kowa na gaban telebijin, har tsohuwar da ke cewa ba ruwanta tana leƙowa tana tambayar wa ya kada wa. Ba a biyan ko sisi, ihun kuma na gaske ne.

Kada fa a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake talauci na da daɗi ba, kuma masu rubuta cewa kuɗi ba sa kawo farin ciki su fara ba ni nasu in gwada. Ina yarinya aka yi yunwar 1984, wadda aka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da ya haɗu da fari. Na ga ta 2005 da ƴaƴana a hannu. Na ga ruwan 2024 da ya kwantar da gidajen mutane a garin nan. Wanda cikinsa ba komai ko ɗakinsa ya faɗi, ba a zuwa masa da zancen ƙamshin ƙasa, hatsi ake kai masa da tabarma. Abin da nake faɗa na wadda Allah ya rufa wa asiri ne irinki. Amma ko a cikin wuya na ga abin mamaki. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ciniki ya tsaya, masu ƙanƙara da masu inji suka sha asara, ni kaina niƙan gyaɗa ya zame mini aiki. A daidai wannan lokacin ne yarana suka fara jin tatsuniya daga bakin kakarsu, don ba wuta ba caji, kowa ya fito tsakar gida. "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa baki ɗaya "ta zo mu ji ta", ta shiga ba su Gizo da Ƙoƙi, daga nan ta gangara labarin da ta ji wurin iyayenta na ruwan 1945 da ya cinye tsohon gari a fadama har aka hauro tudu. Ba na fatan wancan lokaci ya dawo, Allah ya kiyaye. Sai dai da wuta ta dawo, na riƙe zaman nan na bayan isha'i ranar Alhamis, waya a ɗaki.

Tun da na ambaci waya. Kin ce in kin ga hotunan ƙawayenki a WhatsApp, wannan a Umra, waccan da sabon leshi a gidan biki, sai ranki ya ƙara ɓaci. Ba zan ce ki yar da waya ba, da ita nake karɓar odar mai, da ita kuma nake rubuta miki wannan. Lokacin kallon kawai za ki canza. Kada ta zama abin da idonki zai fara gani bayan sallar asuba, tun ba ki sa komai a baki ba. Ita mai hoton ranar kwalliyarta ta nuna miki, ke kuwa kina auna ta da ranar wankinki, ina za a yi daidai? In kin ci kin ƙoshi, kin yi wanka kin shafa turarenki, ki duba, ki yi mata Allah ya sanya alheri, ki wuce.

Abu na uku shi ya fi nauyi a wurina. Cikin duk abin da kika rubuta ban ji kin ambaci wata mace ko ɗaya da kike zama da ita ba. Maza sun fi mu wayo a nan. Dubi fadarsu: gawayi kaɗan, buta ƙarama, shayi na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, su kwashe awa biyu a kan abin da bai kai jikka ba, su tashi da rai fes. Mu ma muna da namu. Asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi aka fara shi, a 1991, yau ya bazu ƙasashe da dama. Kowa na maganar kuɗin da ake zubawa da bashin da ake ɗauka a juya, kuma lalle da shi na sayi babban kaskon suyata. Amma in za a tambaye ni tsakani da Allah, rabin ribar zaman ne. Mako-mako ki san akwai inda ake jiran ki, ki ɗaura zane mai kyau, a buɗe akwati a ƙirga, a yi gardamar tarar wadda ta makara, wata ta ba da labarin kishiyarta a yi dariya har da hawaye. Akwai matar da na sani, ba don ta rasa inda za ta aje kuɗi take zuwa ba, mijinta alhaji ne mai shaguna. Ta ce mini gidanta shiru ya yi yawa. In maigida ba ya son yawan fita, ba sai an je nesa ba. Maƙwabciya ɗaya ta isa: yau ki ɗauki tsintar wakenki ki je ku yi tare, gobe ita ta zo da kitsonta.

Shi ma maigidan kada ki jira ya gane da kansa, ba za su gane ba, ba don mugunta ba. Kada kuma ki tare shi da "ni ba na jin daɗin rayuwa", zai ɗauka ƙara kike kai shi, ya hau lissafa miki buhun shinkafa. Ki roƙi abu ƙarami mai suna: ranar Juma'a ya taho da tsire, yara su yi barci, ku ci ku biyu. Namiji ya fi gane aike da bayani.

Akwai kuma wata magana da ban ga kowa ya taɓo ba. In abin ya wuce gundura, wato barci ya ƙaurace miki ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, kuka na zuwa ba dalili, abin da kike so da can duk ya fita ranki, kuma an haura mako biyu a haka, to wannan ba na tabarma da kunu ba ne, ki je likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, yana yawan kama mata bayan haihuwa, ana kuma maganinsa. Ƙarancin jini ma na sa mace ta ji duniya ta yi mata nauyi, ga kasala ga jiri, kuma mu masu haihuwa kusa-kusa mun fi kowa fama da shi. Awon jini ba wani abu ne mai wuya ba a asibitin unguwa. Ki yi addu'arki, ki kuma je a duba ki, ɗaya bai hana ɗaya.

Ba ki faɗi watannin autanki ba, ba ki kuma faɗi ko kina shayarwa ba. Ki amsa mini waɗannan biyun a nan ko ta akwatin sirri, da unguwar da kike. In kusa muke, asusunmu ranar Laraba ne bayan la'asar, zubin dala hamsin ne, kuma baƙuwa ba ta zubi a zuwan farko.